KAMA DA WANE BA WANE BA NE: YADDA AKE GANE WUTA-WUTA DAGA MAKAMANTANTA

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Malumfashi, ta iso Dayi, a ƙarshen watan Agusta ko cikin Satumba, zai ga wasu gonakin dawa da masara sun yi ja-ja da fure. Baƙon da bai san noma ba sai ya ce gonar ta yi kyau. Mai gona kuwa ya san ba kyau ba ne, hasara ce. Wannan fure shi ne na wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, wasu kuma gaugai.

To, amma ba kowane tsiro mai jan fure ko shunayya ne wuta-wuta ba. Ita kanta wuta-wutar ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai cin dawa da gero da masara, akwai mai cin wake, akwai kuma wadda ta fi son bakin fadama. Ban da su akwai tsirran da suka yi kama da ita, wasu na ɓarna, wasu kuwa miya ce ko magani.

Rashin bambance su yana jawo wa manomi hasara ta hanya biyu. Ko dai ya bar mugun tsiro ya zubar da iri a gonarsa, ko kuma ya yi maganin da bai dace da irin da ke damunsa ba. Saboda haka sanin wane ne wane shi ne matakin farko na magani.

YADDA WUTA-WUTA KE ƁARNA

Wuta-wuta ba kamar sauran ciyayi take ba. Sauran ciyayi gasa suke yi da shuka wajen neman ruwa da taki. Ita kuwa liƙewa take yi a jikin saiwar shuka, tana zuƙe ruwa da abincin da shukar ta tara, kamar yadda kaska ke yi wa saniya.

Irinta ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura. Tsiro ɗaya yana iya zubar da ƙwaya fiye da 50,000, kuma ƙwayar tana iya zama cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba ta mutu ba. Ba ta tsira haka kawai don ruwa ya sauka. Sai saiwar shuka ta zo dab da ita, ta fitar da wani sinadari a cikin ƙasa, sannan ƙwayar ta farka. Idan ta farka ba ta samu saiwar da za ta liƙe wa ba, cikin 'yan kwanaki sai ta mutu.

Idan kuwa ta samu, takan yi mako 4 zuwa 7 a ƙarƙashin ƙasa tana cin shuka, ba wanda ya gan ta. Wannan ne ya sa dawa kan tsumbure, ganyenta ya yi rawaya-rawaya, ya naɗe kamar ana fari, alhali ƙasa a jiƙe take. Kafin a ga kan wuta-wuta a sarari, ta riga ta yi ɓarna mai yawa. Bayan ta ɓullo da kamar wata guda sai ta yi fure, kuma 'yan makonni bayan furen iri ya nuna.

Ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ake shuka hatsi iri ɗaya a kai a kai ba hutu, ba isasshen taki. Tun daga lokacin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975, noman masara ya yaɗu ƙwarai a wannan yanki. Masara kuwa ba ta jure wa wuta-wuta kamar yadda wasu irin dawar gargajiya ke jurewa.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A DUBA

Kafin a yanke hukunci a kan kowane tsiro, sai a duba abubuwa huɗu:

1. Wace shuka ce ke kusa da shi? Dawa ce, wake ne, shinkafa ce, ko ciyawar daji?
2. Yaya furensa yake? A duba launi da girma, a kuma duba ko wuyan furen a miƙe yake ko a tanƙware.
3. Yaya ganye da kara suke? A shafa da yatsa a ji ko da kaushi, ko da gashi, ko da ƙaya.
4. Me ke ƙarƙashin ƙasa? A sa fartanya a tono tsiron tare da ƙasar da ke kewaye da shi, a zuba ruwa a hankali a wanke. Sannan a duba ko yana da saiwa tasa ta kansa, ko kuwa a jikin saiwar wani yake liƙe.

Wannan na huɗu shi ne babban alƙali. Fure yana iya ruɗin ido, amma saiwa ba ta ƙarya.

WUTA-WUTAR DAWA

Ita ce babbarsu, ita ce kuma ta fi yawa a gonakin tudu. Masana na kiranta Striga hermonthica. Tana cin dawa da gero da maiwa da masara, har da shinkafar tudu da rake.

Tsayinta yakan kai ƙafa 2, wani lokaci har ƙafa 3. Karanta yana da kusurwa huɗu, ba zagayayye ba ne. Ganyenta sirara ne, dogaye, kore ne sosai, kuma idan aka shafa sai a ji kaushi. Furenta babba ne, ruwan hoda mai sirkin shunayya. Furanni da yawa kan buɗe a lokaci guda a saman kara, shi ya sa ake hango ta daga nesa.

Ga wata alama da ya kamata a riƙe. Kowane fure yana da dogon wuya kamar ɗan bututu, wanda ya fito daga cikin wani ɗan koren kofi da ke gindinsa. A wuta-wutar dawa, wuyan yakan tanƙware a wajen tsakiyarsa, dab da bakin wannan kofi.

Idan aka tono ta, za a ga ɓangaren da ke cikin ƙasa fari ne, da 'yan sauyoyi marasa ƙarfi da suka liƙe a saiwar dawa a wurare da yawa. Ba ta son wurin da ruwa ke kwanciya.

WUTA-WUTAR BAKIN FADAMA

Wannan ita ce ta fi ruɗin mutane, domin launin furenta ɗaya ne da na wuta-wutar dawa. Masana na kiranta Striga aspera. Asalin zamanta cikin ciyayin daji ne, a wurare masu danshi irin su gefen fadama da saura da wuraren kiwo. Daga can ne take shiga gona. Tana cin masara da shinkafa da rake da acca, amma ba ta cika kama dawa ba.

Ta fi wuta-wutar dawa siranta. Ganyenta sun fi ƙanƙanta, furenta ma haka, kuma ba ya cunkushewa a saman kara sosai. Babban abin da ke raba su shi ne wuyan fure. A wannan, wuyan yakan miƙe ya wuce bakin kofin da nisa, sai can kusa da sama yake tanƙwarewa. Akwai kuma 'yan gashi ƙanana a jikin wuyan. Duk wanda ya tsinko fure ɗaya daga kowace, ya jera su a tafin hannu, zai ga bambancin.

Amfanin sanin wannan shi ne, manomin da ya share sabon wuri a bakin fadama don shuka masara yakan ɗauka ƙasar ba ta da wuta-wuta, tun da ba a taɓa shuka hatsi a wurin ba. Alhali kuwa iri yana nan, ciyayin daji sun daɗe suna renonsa. Saboda haka a riƙa duba ciyayin da ke kan iyakar gona, ba cikin kunya kaɗai ba.

WUTA-WUTAR WAKE

Masana na kiranta Striga gesnerioides. Ba ta taɓa dawa ko gero ko masara. Wake take ci, da wasu ciyayin daji, wani lokaci kuma taba da dankali.

Gajera ce, ba ta cika wuce ƙafa 1 ba. Takan fito a tattare, karare da yawa daga gindi ɗaya, kuma kararen suna da kauri da ruwa-ruwa. Ba ta da ganye na sosai, sai 'yan ɓawo-ɓawo ƙanana da suka manne a jikin kara. Furenta ƙarami ne, shunayya mai haske, wani lokaci ya yi fari-fari. Idan ta bushe sai ta koma baƙa.

Idan aka tono ta, za a ga wani kumburi guda ɗaya a inda ta haɗu da saiwar wake, wanda yakan kai girman gurjiya ko ya fi. Wannan kumburi ba a samunsa a wuta-wutar dawa. Kada kuma a rikita shi da 'yan ƙananan ƙululun da ke jikin saiwar wake mai lafiya. Waɗannan ƙululu masu amfani ne, su ne ke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

A gonar da aka haɗa dawa da wake, ana iya samun wuta-wuta iri biyu a kunya ɗaya, kowace tana cin nata.

MAI RAWAYAN FURE

Akwai wata 'yar'uwarsu da masana ke kira Alectra vogelii. Ita ma liƙewa take yi a saiwa. Tana cin wake da gyaɗa da gurjiya da waken suya. Ganeta ba wuya, domin furenta rawaya ne, kuma tana da ganye na sosai masu gashi. Idan aka tono ta, ɓangaren da ke cikin ƙasa ruwan goro ne. Ta fi son yankunan da ruwan sama ke da ɗan yawa, irin na kudancin Jihar Katsina da ƙasar Zazzau.

Mutane da yawa kan bar ta don furenta ba ja ba ne, suna zaton ciyawa ce kawai. Wannan kuskure ne.

MAI ƘANANAN SHUƊIN FURE

Wannan tsiro, wanda masana ke kira Buchnera hispida, akan gan shi a gonakin dawa da gero da masara, da kuma cikin saura. Yana da gashi mai kaushi a duk jikinsa. Ganyen da ke ƙasa kusa da gindi sun fi na sama faɗi. Furensa ƙanana ne, shuɗi-shuɗi ko shunayya, jefi-jefi a jikin kara. Wuyan furen ba shi da tanƙwara irin ta wuta-wuta, kuma leɓɓansa biyar kusan girmansu ɗaya. Shi ma idan ya bushe baƙi yake komawa.

Yana zuƙar saiwar hatsi, amma yana iya rayuwa ko da bai samu abin liƙewa ba. Ɓarnarsa ba ta kai ta wuta-wuta ba, duk da haka ba a barinsa ya yi iri.

ƁARAWON FADAMAR SHINKAFA

A cikin fadama sosai, inda ƙasa ke jiƙe kullum kuma wuta-wuta ba ta iya zama, akwai wani tsiro mai suna Rhamphicarpa fistulosa a wajen masana. Siriri ne, ganyensa kamar zare. Furensa fari ne mai dogon wuya, wanda ya kai inci 1 ko fiye. Abin da ya sa manoma da yawa ba su san shi ba shi ne, furen da almuru yake buɗewa. Da rana ba a lura da shi a tsakanin shinkafa. Kwanson irinsa yana da ɗan baki a karkace kamar na tsuntsu.

Yana zuƙar saiwar shinkafa har ta tsumbure ta kasa fitar da kai mai kyau. Manomin da ya ga shinkafarsa tana rawaya a wuri guda, ga ruwa ga taki, ya kamata ya koma gonar da magariba ya duba. Wannan tsiro ba ya jure wa ruwan da ya tsaya ya rufe ƙasa a kai a kai. Don haka yin fangali mai riƙe ruwa yana rage shi.

WAƊANDA BA RUWANSU

Akwai tsirrai biyu masu shunayyan fure da ba sa liƙe wa kowa. Kowane yana da saiwarsa mai ƙarfi.

Na farko shi ne zazargiwa, wadda ke fitowa a bakin tafki da kududdufi da cikin fadama. Karanta ma yana da kusurwa huɗu, furenta shuɗi ne mai sirkin shunayya. Amma a kowace gaɓa tana da dogayen ƙayoyi masu ruwan rawaya, kuma furen a kewayen gaɓar yake fitowa, a tsakanin ƙayoyin. Wuta-wuta kuwa ba ta da ƙaya ko ɗaya. Masu maganin gargajiya sun san zazargiwa, suna kuma amfani da ita.

Na biyu shi ne karkashi, wanda wasu ke kira yauɗo. Furensa ruwan hoda ne ko shunayya mai haske, yana rataye kamar 'yar ƙararrawa, ɗaya-ɗaya a hammatar ganye, kamar na riɗi. Ganyensa yana da faɗi da laushi. Idan aka murza shi da ɗan ruwa sai ya yi yauƙi. Ganyen wuta-wuta ba ya yauƙi. Idan an tura yara cirar wuta-wuta, a fara nuna musu karkashi, don kada su tuge miyar gida.

ME YA SA SANIN IRIN YAKE DA MUHIMMANCI?

Dalili na farko shi ne sauya shuka. Akwai shuke-shuken da saiwarsu ke fitar da sinadarin nan mai farkar da irin wuta-wutar dawa, amma ba ta iya liƙe musu. Sai ta tsira ta mutu da yunwa. Auduga tana cikinsu, haka ma waken suya da gyaɗa da wake. A shekarar 1966 ne masana a Amurka suka fara ware wannan sinadari, kuma daga saiwar auduga suka samo shi. Wato audugar da aka san ƙasar Funtuwa da Malumfashi da ita, tarko ce ga wuta-wutar dawa.

Amma idan mai rawayan fure ce ke cikin gona, shuka waken suya ko gyaɗa ko wake ƙara mata abinci ne. Idan kuma wuta-wutar wake ce, abin da ya dace shi ne a ɗauke wake daga gonar na wasu shekaru, a shuka hatsi ko auduga. Maganin wata, abincin wata ne.

Dalili na biyu shi ne zaɓen iri. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tare da Cibiyar IITA mai babban ofishi a Ibadan da reshe a Kano, sun fitar da ire-iren shuka masu jure wa wuta-wuta. Akwai wani waken gargajiya na ƙasar Botsuwana da ake kira B301, wanda aka gano cewa wuta-wutar wake da mai rawayan fure ba sa cin galaba a kansa, aka yi ta aure da shi wajen samar da sababbin iri. A cikin waken da ke jure wa waɗannan biyu akwai SAMPEA 10, wanda aka fitar a 2008. A ɓangaren masara kuma akwai SAMMAZ 15, mai jure wa wuta-wutar dawa. Manomin da ya je wurin malamin gona na KTARDA ya ce masa, "Ga irin da ke gonata," ya fi wanda ya ce "wuta-wuta" kawai samun shawarar da ta dace.

Akwai darasi kuma daga nesa. A shekarar 1956 aka gano wata ƙaramar wuta-wuta mai jan fure a gonakin masara a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Gwamnatin ƙasar ta killace gonakin, ta hana fitar da ƙasa da kayan gona daga yankin sai an bincika. Duk da kuɗinsu da injinansu, sun shafe shekaru gommai suna fama kafin su ci ƙarfinta. Abin da ya ba su wahala shi ne irin da ya riga ya zuba a ƙasa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. A zaga gona aƙalla sau ɗaya a mako tun daga bayan maimai har zuwa girbi. A haɗa da kan iyaka da bakin fadama.
2. A tuge wuta-wuta da zarar ta fara fure, kafin ta yi kwanso. Idan aka tsinke ta tana ƙarama sosai, takan sake toho daga ƙasa.
3. Kada a yar da wadda aka tuge a cikin kunya. Mai fure tana iya ƙarasa nunar da irinta ko bayan an tuge ta. A tara ta wuri guda a wajen gona, a ƙone.
4. Kada a ba dabbobi wadda ta yi iri, domin irin yana iya bin kashinsu ya koma gona cikin taki.
5. Lokacin girbi, kada a shimfiɗa zangarniyar da za a ajiye don iri a ƙasan gonar da ke da wuta-wuta. Ƙurar irinta takan maƙale, a kai ta wata gona da hannu.
6. A kankare ƙasar da ta manne a fartanya da garma kafin a shiga wata gona.
7. A ƙara wa gona takin gargajiya, da na zamani gwargwadon hali. Shukar da ta ƙoshi ta fi jurewa.
8. A ci gaba da cira ko bayan an yanke hatsi, domin wadda ta rage a gona takan ƙarasa zubar da iri.

Idan manomi ya ci karo da tsiron da bai gane ba, sai ya tono shi duka, da furensa da saiwarsa da saiwar shukar da ke kusa, ya sa a leda ya kai wa malamin gona tun bai bushe ba. Haka kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Iska da ruwan sama da dabbobi suna ɗaukar irin daga gona zuwa gona. Maƙwabtan gona su sa rana ɗaya su yi gayyar cira tare, kowa ya ga irin da ke gonar ɗan'uwansa.

Wuta-wutar da aka tuge a bana ba za ta mayar da hatsin da ta riga ta ci ba. Amma kowace ɗaya da aka ƙone kafin ta yi kwanso, an hana dubban iri shiga ƙasar da 'ya'ya za su noma.